Wai me ke sa mutum ya ƙona datarsa wajen ba ƙaramar hukuma shawara ta intanet?

Ɗalibar_Siyasa:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni, malaminmu ne ya tsokano maganar a aji amma ni har yanzu abin na yi min yawo a kai. Yanzu birane da yawa a duniya ƙananan hukumominsu sun buɗe shafi ko manhaja inda mazauna gari za su shiga su kawo shawara, su kai ƙorafi, wani wurin ma har ƙuri'a ake kaɗawa kan abin da za a yi da wani kaso na kasafin kuɗi. To ni abin da ban gane ba, me ke kai mutum can? Ba biyansa ake ba, datarsa zai ƙona, lokacinsa zai tafi, ƙuri'arsa ɗaya ce tal cikin dubbai, sannan a ƙarshe kansila ko magajin gari in ya ga dama ya yi abin da ransa ke so ba wanda ya isa ya tuhume shi. Amma duk da haka sai ka ji wai a Barcelona da suka buɗe shafin Decidim a 2016 don tsara shirin ayyukan birnin, shawarwari sama da 10,000 aka tara tsakanin shafin da tarukan unguwanni. Mutanen nan aikin yi ne ba su da shi, ko kuwa akwai abin da suke hangowa da ni ban hango ba?

Shi malamin cewa ya yi sauƙi ne kawai, wai da zarar ka sauƙaƙa wa mutum abu zai yi. Ni kam ban gamsu ba, don abubuwa nawa ne masu sauƙi a waya da ko kallonsu ba ma yi, saƙon neman jin ra'ayi nawa ne ke shigo min ina gogewa ban ko karanta ba. Masu sani a taimaka, musamman wanda ya taɓa shiga irin wannan abin da kansa.

Injiniyan_Titi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminku bai yi ƙarya ba amma rabin maganar ya faɗa miki. Sauƙi shi ke sa mutum ya leƙa karon farko, amma abin da ke dawo da shi karo na biyu daban ne, amsa ce. In aka amsa masa zai dawo, in aka yi shiru da shi ko kyauta aka ba shi datar ba zai ƙara buɗewa ba.

Ki fara duba bambancin ƙaramar hukuma da gwamnatin tarayya tukuna. Maganar tarayya maganar nesa ce, haraji, tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, ko kin yi magana ba ki san inda ta faɗa ba. Amma ƙaramar hukuma ita ce kwalbatin da ta toshe a bakin layinku, fitilar titin da ta mutu, sharar da ba a kwashe ba, hanyar da yara ke tsallakawa zuwa makaranta motoci na zuba gudu. Abin da kike takawa kullum ne. Kuma kin fi injiniyan da ke zaune a ofis sanin inda ruwa ke kwanciya in an yi sama, wallahi ni aikina ke nan kuma ina gaya miki gaskiya, taswira ba ta nuna min abin da tsohuwar da ta shekara talatin a layin ta sani.

A Birtaniya akwai wani shafi FixMyStreet, wata ƙungiya mai suna mySociety ta buɗe shi a 2007. Yadda yake aiki ba wani abin wahala ba ne, ki ga rami a titi, ki ɗauki hoto, ki dangwala wurin a taswira, ki rubuta layi biyu, shi shafin ne zai gano hukumar da ke da alhakin wannan titin ya tura mata, ke ba sai kin san sunan sashe ko ofishin da za ki je ba. Kuma rahoton a fili yake, kowa na gani, maƙwabcinki zai iya zuwa ƙasa ya rubuta cewa har yau fa ba a gyara ba. To masu bincike sun bi bayanan shafin nan sun duba, suka tarar wanda aka gyara masa abin da ya kawo a rahotonsa na farko, yiwuwar ya sake kawo na biyu ta ƙaru da fiye da rabi in an kwatanta da wanda ba a kula shi ba. Kin ga ke nan ba wai wasu an haife su da son ƙasa wasu babu ba ne, hukumar ce ke koya wa mutane ko su yi magana ko su kama bakinsu.

Ni kaina na taɓa gwada irinsa kan fitilar wata mahaɗa da ta daɗe a mace. Na tura da dare, da safe saƙo ya shigo da lambar rahoto, daga baya wani ya shigo cewa an miƙa wa sashen lantarki, rannan ina dawowa daga aiki sai ga mutum biyu da tsani. Fitila ce fa kawai, ba gada aka gina ba, amma tun daga nan duk abin da na gani a hanya sai hannuna ya kai aljihu. Gani ya kori ji.

Baba_Mai_Ritaya:

'Yata sannu da ƙoƙari, tambayarki mai kyau ce. Injiniya ya yi magana amma bari in ɗan zuba ruwan sanyi, don ni a ɗaya gefen teburin na zauna, a ƙaramar hukuma na yi aiki har na ajiye, na san yadda ake karɓar shawarar jama'a da kuma inda take kwana.

Gyaran rami daban, yanke shawara daban. Ba wanda ke adawa da a cike rami, shi ya sa yake da sauƙi. Amma a ce ina za a gina kasuwa, wane titi za a hana motoci bi, a bar wane ya ɗora bene hawa goma ko a hana shi, nan ne ake sanin ko da gaske hukuma take. Da yawa daga shafukan nan akwatin shawara ne irin wanda ake kafawa a bakin ofis, an yi masa fenti mai kyau an sa kwaɗo, makullin kuwa ya ɓace tun zamanin ciyaman na baya. An riga an gama magana a ɗaki, an ma san ɗan kwangilar, sai a buɗe shafi na sati biyu don a rubuta a rahoto cewa an tuntuɓi jama'a.

Ko inda aka yi da zuciya ɗaya ma ki duba abin da ya faru. Madrid ta buɗe Decide Madrid a 2015 lokacin Manuela Carmena na magajiyar gari, kuma ba wasa suka yi ba, ƙa'ida suka sa cewa duk shawarar da ta samu goyon bayan kashi 1 cikin 100 na mazauna masu shekara 16 zuwa sama, wajen mutum 27,000 ke nan, za a kai ta gaban jama'a a kaɗa ƙuri'a. Mutane suka yi ta zuba shawarwari dubbai a kan dubbai. Kin san nawa suka haye har aka kai su ƙuri'ar Fabrairun 2017? Biyu. Ɗaya kan kare muhalli, ɗaya kan a yi tikiti guda na shiga motocin haya da jirgin ƙasa. Dalili kuwa kowa zuwa yake ya rubuta tasa, mutum ɗari su kawo magana iri ɗaya a wuri ɗari, goyon bayan ya warwatse ba wadda ta kai. Ita kuma ta tikitin, jama'a sun amince amma ikon ba a hannun birnin kaɗai yake ba, hukumar sufuri ta yankin ce ke da ta cewa. To wanda ya sha wahalar tara mutane ya ga haka, gobe da wane baki za ki ce masa ya dawo?

Na biyu, su wa ke shiga? Wannan ita ce tambayar da nake so ki kai wa malaminku. Lokacin korona a 2020 da aka mayar da tarukan ƙananan hukumomi kan Zoom, kowa ya ɗauka shi ke nan matasa da 'yan haya da masu aikin dare za su cika wuri. Wasu malamai na Jami'ar Boston suka bi tarukan tsara gine-gine a garuruwan jihar Massachusetts ta Amurka suka duba su wa ke magana, sai ga shi mutanen da ne dai, masu gidan kansu, masu manyan shekaru, kuma akasarinsu zuwa suke su ce kar a gina sababbin gidaje kusa da su. Ƙofa ta faɗaɗa amma masu shigowa ba su canja ba. Mai abin da zai rasa shi ke fara zuwa, wanda zai amfana da gidan da ba a gina ba tukuna bai ma san ana taron ba.

Saboda haka in kin tambaye ni me ke kai mutane, zan ce miki da yawa tsoro ne da fushi, ba son ci gaba ba. Kuma ban ce laifi ba ne.

Uwar_Biyu:

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganarka gaskiya ce amma ka yi haƙuri akwai inda zan ɗan ja. Taron Zoom ai taro ne dai, an sa lokaci, sai ka zauna awa biyu kana jiran a kira sunanka, ka buɗe baki gaban mutane ka yi magana da irin yarensu na ofis. Wanda bai iya zuwa zaure ba saboda wannan, a Zoom ma ba zai iya ba. Shafin da yake buɗe dare da rana na tsawon wata guda wani abu ne daban.

Ni dai in faɗa muku nawa dalilin. Taron gari kusan kullum da yamma ake sa shi, daidai lokacin da nake tsakanin wankan yara da aikin makarantarsu, ga wanda ke aikin dare, ga mai keken guragu da zauren ma matakala ce da shi, ga wadda ba a bari ta fita. Sannan ko na je, wa ke riƙe makirfo? Mutum uku ne ko huɗu da suka saba, su yi ta zuba har lokaci ya ƙare, ke kina ta ɗaga hannu ana cewa a taƙaita. A waya kuwa sai yara sun yi barci in zauna in karanta abin da ake shirin yi a nutse, in rubuta, in goge, in sake gyarawa, ba mai katse ni ba mai kallon ko ni wace ce. Akwai lokacin da aka nemi ra'ayi kan gyaran wani filin wasan yara, zanen ya yi kyau sosai amma ƙofar fita tana kallon babban titi kai tsaye, duk wadda ta taɓa bin yaro ɗan shekara uku da gudu ta san me wannan ke nufi. Na rubuta, wasu iyaye suka zo ƙasa suka mara min baya, da zanen ƙarshe ya fito ƙofar ta koma gefe. Ban sani ba ko maganata ce ta yi ko dama sun hango, amma da a zaure ne ko buɗe baki ba zan yi ba.

Kuma akwai waɗanda nan ne kaɗai ake tambayarsu. A Helsinki ta Finland, da aka fara tsarinsu na OmaStadi a 2018, inda mazauna ke zaɓen ayyukan da za a yi da wani kaso na kasafin kuɗi, har yaro ɗan shekara 12 an ba shi damar kaɗa ƙuri'a. A Paris ba a tambayar ko kai ɗan ƙasa ne, in dai a birnin kake zaune kana da ta cewa a kasafin jama'a. Baƙon da ke biyan haya yana biyan haraji amma ba shi da katin zaɓe, ka ga wannan ai ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Wani abu kuma da ba a faɗa ba, rubutu ba ya ɓacewa. Abin da aka faɗa a zaure iska ke kwashewa, gobe a ce ba a yi haka da kai ba. Amma wanda ke shafi da kwanan wata da amsar hukuma a ƙasa, ko bayan shekara biyu ne za ka ɗauko hotonsa ka ce ga abin da kuka ce.

Ɗan_Adawa:

Hhhh ku dai ku yi ta yaudarar kanku. Mutane na shiga ne don su zagi ciyaman ba tare da ya ga fuskarsu ba, shi ke nan. Rabin masu sharhin ma sojojin baka ne, mutum ɗaya asusu goma. Ku bar ni da Facebook ɗina, can ma in na yi zagin ya fi saurin isa.

Injiniyan_Titi:

Ɗan_Adawa ai ba ka yi nisa da gaskiya ba, fushi na cikin manyan dalilai kamar yadda Baba ya ce, sai dai fushin ne ake iya juya shi ya zama aiki. Ka duba inda manyan shafukan nan suka fito. Iceland bankunanta suka durƙushe a 2008, mutane suka daina yarda da duk wani ɗan siyasa, har ta kai a 2010 suka ɗauki ɗan wasan barkwanci Jón Gnarr suka ba shi magajin garin Reykjavik. A daidai wannan zaɓen aka buɗe shafin Betri Reykjavík, daga baya birnin ya ɗauki alkawarin cewa duk wata zai ɗebi shawarwarin da suka fi samun goyon baya ya kai gaban kwamitoci, kuma a ba da amsa ko an karɓa ko an ƙi da dalili. Madrid da Barcelona ma haka, daga zanga-zangar 2011 ta masu fushi da tsuke bakin aljihu aka samu mutanen da suka ci zaɓe a 2015 suka buɗe shafukan. Ba wai jama'a sun yarda da hukuma ne suka shiga ba, rashin yardar ce ta sa suka ce to a ba mu mu gani da idonmu.

Baba kuma, batun akwatin da ba makulli, na yarda, shi ya sa ni ma'aunina ɗaya ne, akwai kuɗi a kan tebur ko babu? In hukuma ta ce ga adadi kaza mun ware, abin da kuka zaɓa shi za a yi, to nan za ka ga mutane. Asalin abin ma ba da intanet ya fara ba, a Porto Alegre ta Brazil aka fara a 1989, taro ne na unguwa-unguwa, talakawa suka riƙa cika zaure saboda sun ga ruwan famfo da magudana da kwalta na isa unguwannin da aka manta da su. Da Belo Horizonte, wani birnin na Brazil, ta ɗora nata a intanet a 2006, sama da mutum 170,000 suka kaɗa ƙuri'a, wajen kashi 10 cikin 100 na masu zaɓen birnin, ninkin ba ninkin abin da zaure ke tarawa, kuma ba su bar mutane da wayoyinsu kawai ba, sun kafa wuraren kaɗa ƙuri'a da kwamfuta a cikin gari saboda marasa intanet. Paris ta fara a 2014 ƙarƙashin magajiyar gari Anne Hidalgo, kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka, kusan Yuro miliyan 500 zuwa 2020. Madrid ma da shawarwarinta suka maƙale, ɓangaren kasafin ya fi tafiya, Yuro miliyan 60 a 2016, aka kai shi miliyan 100 a shekarar da ta biyo.

Kuma ƙanwata ga amsar maganarki ta ƙuri'a ɗaya tal. A zaɓen shugaban ƙasa haka ne, taki ɗaya ce cikin miliyoyi. Amma a aikin unguwa, tsakanin aikin da ya ci da wanda ya faɗi wani lokacin ƙuri'u kaɗan ne, in kin tura wa zauren WhatsApp na iyayen makaranta da na maƙwabta kin iya juya sakamakon. Mutane na lissafin nan ko ba su faɗa ba. Yawanci ma ba tallar hukuma ke kawo su ba, wani ne da suka sani ya turo musu ya ce don Allah shiga ka danna mana.

Ɗalibar_Siyasa:

Kai na gode ƙwarai, wallahi na ƙaru fiye da abin da na samu a aji. Amma Yaya Injiniya wannan ta ƙarshen ta ɗan tsorata ni, in dai wanda ya fi yawan mutane a WhatsApp shi ke ci, ashe unguwar masu hali da masu ilimi za ta riƙa kwashe ayyukan ke nan? Sannan maganar Ɗan_Adawa ta asusun bogi fa, ya ake da ita? Baba kai da ka san ciki me ka gani?

Baba_Mai_Ritaya:

Yawwa 'yata, yanzu kika zo wurin. E, haka na faruwa, unguwar da ta iya tsara kanta ita ke gaba. Maganin da wasu suka samo shi ne a raba kuɗin tun kafin a fara, kowace gunduma da nata kason, 'yan gunduma su kaɗai ke zaɓen nasu, kuma a fifita inda aka fi talauci. Porto Alegre da haka ta yi suna, Paris ma daga baya ta keɓe wani kaso musamman don unguwannin marasa ƙarfi. In ba a yi haka ba to wanda ke da shi ake ƙara wa.

Batun bogi kuwa gaskiya ne kuma ba ƙarami ba. A Amurka a 2017 hukumar sadarwa ta ƙasa ta nemi ra'ayin jama'a kan dokar intanet, saƙo sama da miliyan 22 ya shigo, da ofishin babban lauyan jihar New York ya gama bincike a 2021 sai ya ce kusan miliyan 18 na bogi ne. Wannan na tarayya ne amma darasin ɗaya ne, in ba a tantance mai magana ba to mai kuɗi zai sayi taron jama'a. Shi ya sa Madrid take barin kowa ya yi sharhi amma kafin ka goyi bayan shawara ko ka kaɗa ƙuri'a sai an duba sunanka a rijistar mazauna birni. Estoniya kuwa da katin shaidar ɗan ƙasa mai ɗauke da guntun na'ura suke yi, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2005 suka fara kaɗa ƙuri'a ta intanet, lokacin ko kashi 2 cikin 100 na masu ƙuri'ar ba su kai ba, sai a zaɓen majalisa na 2023 masu yi ta intanet suka haura rabi. Shekara 18 fa. Yarda ba a dare ɗaya take zuwa ba. Amma ki lura da tarkon, duk matakin tantancewa da aka ƙara akwai wanda zai gaji ya fita, lambar sirri ba ta shigo ba, katin ya ƙare aiki, tsoho ya kasa, kuma akwai mai tsoron a san shi ne ya soki hukuma alhali a wurinta yake neman lasisin shago. Ka tsaurara ka kori na gaskiya, ka sassauta na bogi su cika.

Zagin da Ɗan_Adawa ke so kuma, ginin shafin ne ke jawo shi ko ya hana. A na Reykjavik layi biyu aka yi, masu goyon baya gefe masu adawa gefe, ka rubuta hujjarka a naka layin, ba inda za ka tsaya kana mayar wa wani martani, to da wa za ka yi faɗan? Taiwan ma da suka tattauna batun kamfanin motocin haya na Uber a 2015 da manhajar Pol.is haka suka yi, abin da za ka danna kawai shi ne na yarda, ban yarda ba, ko na wuce, babu wurin cacar baki.

Abin da ni ya fi damuna shi ne abin da ba a gani daga waje. Kowace shawara sai wani ma'aikaci ya karanta, ya duba ko filin na hukuma ne, ko doka ta yarda, nawa za ta ci, wa zai riƙa kula da abin bayan an gina. Ana sayen manhaja da kuɗi mai yawa a yi bikin buɗewa, amma ba a ƙara ko mutum ɗaya a ofishin da zai amsa, sai shawara dubu ta faɗo kan mutum biyu da dama aiki ya yi musu yawa, su kuma su fara manna amsa iri ɗaya, mun gode za a duba. Sannan ga sauyin gwamnati, sabon shugaba ba ya son abin da na baya ya kafa. Porto Alegre da kanta, uwar abin, an dakatar da tarukan a 2017.

Uwar_Biyu:

Baba wannan amsar ta mun gode za a duba ita ce ta fi ƙona min rai wallahi, gara a ce min a'a. Akwai shawarar da na taɓa goyon baya aka ƙi ta, amma sai suka rubuta cewa bututun ruwa ne ya bi ta ƙarƙashin wurin shi ya sa ba za a iya dasa bishiya ba, suka sa har da zanen. Ban ji daɗi ba amma ban ji an raina ni ba, kuma zagaye na gaba na sake shiga.

Ƙanwata in za ki rubuta aikin naki, ki buɗe shafin kowane birni kike so ki yi nazari, kar ki tsaya kan shawarwarin bana, ki gangara ki nemo na shekara biyu ko uku da suka wuce ki ga me aka rubuta a ƙarƙashinsu, an gama, ana kan yi, an ƙi saboda kaza, ko kuwa ba komai. Sai ki ɗora yawan masu shiga na kowace shekara a gefe ki kwatanta.

Ɗalibar_Siyasa:

To Anti haka zan yi in sha Allah, zan fara da Barcelona da Helsinki tunda naji ance manhajarsu ɗaya ce, zai fi sauƙin kwatantawa. Yaya Injiniya don Allah binciken nan na FixMyStreet, rahoton farko kaɗai suka duba ko sun bi mutanen har gaba?